Shafin Intanet da Wanda Ba Ya Gani: Nazari a kan Wata Jinga ta Ɗalibai, da Misali daga Maƙera

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan jinga da malamai kan ba ɗalibai masu nazarin kwamfuta ko aikin jarida ko aikin laburare, akwai wanda akan ce ɗalibi ya zaɓi wani shafi na intanet ya auna shi, sa'an nan ya bayyana ko makaho da kurma da wanda hannunsa ba ya iya riƙe abu za su iya amfani da shafin ba tare da ɗan jagora ba. Galibi akan raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi nasa binciken, ranar da aka tsayar kuma su fito gaban aji su gabatar da abin da suka gano. Wannan maƙala za ta dubi yadda ya kamata a tunkari irin wannan jinga, da wuraren da ɗalibai kan yi tuntuɓe, da kuma dalilin da ya sa ɗalibin Hausa yake da babban rabo a cikinta, ko da bai taɓa rubuta manhaja ba. Da yake har yanzu masana ba su tsayar da kalma guda ta Hausa ga wannan fanni ba, za a riƙa kiran sa "sauƙin isa", watau gina shafi ta yadda kowa zai isa ga abin da ke cikinsa da kansa.

Maƙera a Matsayin Fagen Nazari

Maƙera ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana ƙetaren Kogin Kaduna, maƙwabciyar Kakuri, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa inda hanyar da ta fito daga Legas ta haɗu da wadda ta biyo ta Kafanchan. A wannan yanki ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya soma aiki a 1975. Masaƙar farko ta rufe a 2002. Saurayin da ya shiga aikin saƙa yana ɗan shekara 20 a 1975 ya cika shekara 70 a 2025. Ƙarar injin saƙa sananniya ce wajen rage ji, tsufa kuma yakan zo da raunin gani da rawar hannu. Irin wannan dattijo ba ya kiran kansa naƙasasshe, ba ya cikin ƙungiyar kowa, amma shi ne mutum na farko da ƙananan haruffa da ƙananan madannai kan kora daga shafi.

Kuma a yau ba shi da zaɓin guje wa shafin. Lambar BVN ta bankuna ta shigo a 2014, Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, rajistar ɗalibai da neman aiki da biyan kuɗin makaranta duk sun koma cike fom a intanet. Wanda shafi ya gagare shi sai ya nufi shagon intanet na bakin titi, ya miƙa wa yaron shago wayarsa, ya faɗa masa ranar haihuwarsa da lambar asusunsa da kalmar sirrinsa a gaban jama'a. Yaron na iya zama mai amana, yawancinsu ma haka suke. Duk da haka sirrin ya riga ya fita, kuma mai gini ne ya fitar da shi tun ranar da ya kafa ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga mai ido.

Yawan mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, fiye da mutum miliyan ɗaya ke nan, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan.

Doka da Ƙa'idoji

Ɗalibai kan ɓata rabin lokacinsu a nan, alhali kaɗan ya isa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a watan Disamba na 2006, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet da sunansa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, ko naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Abin da mafi yawan mutane suka riƙe daga dokar shi ne maganar gangaren keken guragu a bakin ofis, aka manta cewa ofishin da kansa ya ƙaura zuwa cikin waya.

Ma'aunin da ake aiki da shi a duniya shi ne kundin WCAG, na ƙungiyar W3C da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994. Bugun farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: abin da ke shafi ya zama ana iya tsinkayarsa ta ido ko kunne ko taɓawa, ana iya sarrafa shi, ana iya fahimtarsa, kuma ya yi aiki da na'urori dabam-dabam. Matakan cika sharaɗi uku ne, A da AA da AAA, na tsakiyar ne kuma hukumomi suka fi nema. Cewa ana iya kai ƙara a kan wannan al'amari tsohon labari ne a wasu ƙasashe: a shekarar 2000 wani makaho mai suna Bruce Maguire ya yi nasara a kan kwamitin shirya wasannin Olamfik na Sidini saboda shafinsu, aka ba shi diyyar dala 20,000 ta Ostareliya.

Yadda Ake Awon

A ƙaddara cewa an ba wani rukuni na ɗalibai biyar mazauna Maƙera da Kakuri da Barnawa shafin rajista na wata makaranta. Hanya mafi sauƙi, wadda kuma mafi yawa kan bi, ita ce a zuba adireshin shafin a cikin wata manhajar awo irin su WAVE ko Lighthouse, a kwafe jajayen alamomin da ta fitar, a manna a takarda. Manhajojin suna da amfani. Da irinsu ne ƙungiyar WebAIM ta auna shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya a 2024 ta tarar fiye da kashi 95 cikin ɗari suna da kuskuren da na'ura ke iya ganowa, mafi yawa kuma shi ne rubutu mai dusashen launi. Sai dai na'ura tana iya faɗin cewa hoto yana da rubutun bayani a bayansa, ba ta iya faɗin ko bayanin yana da ma'ana. Hoton shugaban makaranta da aka rubuta wa "hoto 1" ya ci jarrabawar na'ura, makaho kuwa bai ƙaru da kome ba.

Awon gaskiya yana farawa ne da a cire linzamin kwamfuta a ajiye gefe. Ɗalibi ya yi ƙoƙarin cike fom ɗin daga farko zuwa ƙarshe da madannai kaɗai, yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi da madannin Tab. Nan take zai ga ko ana gane inda aka tsaya, ko kalandar zaɓar ranar haihuwa tana buɗuwa, ko akwai wurin da idan an shiga ba a iya fita. Bayan haka sai ya kashe hasken allo ya kunna manhajar da ke karanta rubutu da murya. NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta daga 2006. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, na Apple kuma da VoiceOver. A nan ne zai ji gurbin da ba a raɗa wa suna ba, murya ta ce masa ya rubuta wani abu ba ta faɗi ko mene ne ba. Zai ji "latsa nan" sau goma a jere ba tare da sanin inda kowanne zai kai shi ba. Zai iso ga karkatattun haruffan nan na hoto da akan ce a kwafa don a tabbatar mutum ne, ya tsaya cik. Zai kuma tarar da jadawalin jarrabawa wanda aka ɗauki hotonsa daga allon sanarwa aka ɗora, ga mai ido takarda ce, ga manhaja farin bango ne.

Akwai 'yan alƙaluma da ya kamata rukunin ya riƙe. Bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, ko 3 bisa 1 ga manya. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1. Rubutu ya yarda a ƙara girmansa har kashi 200 cikin ɗari ba tare da wani abu ya ɓace ba. Kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, saboda masu farfaɗiya. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki saƙo, kamar a ce "gyara gurbin da ya yi ja". Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kachia da tsakar rana yana ƙoƙarin karanta toka-tokan rubutu a fasasshen allon waya ya san cewa ba makaho kaɗai wannan ƙa'ida ta ceta ba.

Dukkan wannan gwaji ne na mai ido da ya rufe idonsa na rabin sa'a, kuma yana da iyaka. Mai ido yakan ɗauka cewa abin da ya gagare shi ya gagari makaho, alhali gogaggen mai amfani da manhajar yakan saurare ta da saurin da baƙo ba zai tsinci kalma ɗaya ba. Saboda haka wajibi ne rukunin ya nemi wanda wannan ita ce rayuwarsa ta kullum, ya roƙi izninsa, ya zauna kusa da shi ya lura. Idan dattijo ne a je masa da ladabi: "Baba, so muke ka gwada mana wannan shafi, shafin muke aunawa, ba kai ba." Kada a taɓa masa waya sai ya ce a taɓa, kada a sa sunansa ko hotonsa a takarda sai da yardarsa, kuma kuɗin motarsa da na data a kan rukunin yake.

Rabon Ɗalibin Hausa

Wannan ɓangare ne littattafan da aka rubuta a Turai ba za su yi wa ɗalibi ba. Manhajar karatu tana duba wata 'yar alama a tushen shafi don ta san harshen da aka yi rubutu da shi. Alamar Hausa ita ce "ha". Shafuka da yawa na Hausa an gina su ne a kan tsarin da aka saita da Ingilishi, ba a sauya alamar ba, don haka muryar Ingilishi ce za ta faɗa wa rubutun da ƙa'idojin furucin Ingilishi. Kalmar "ce" da "shige" da "tsaya" kowace za ta fito a wata kama da Bahaushe ba zai shaida ta ba.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Tun zamanin R. M. East a Zariya cikin shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, tarukan daidaita ƙa'idojin rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 kuma suka tabbatar da su. Lokacin da kwamfuta ta shigo ba ta san su ba, sai aka yi dabara: aka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, inda akan ari gurbin wata alama a zana mata siffar harafin Hausa. Dabarar ta yi wa ɗab'i babbar hidima a lokacinta, kundaye da littattafai masu yawa da ita aka buga su. Amma abin da ke ƙarƙashin zanen bai sauya ba. Ido yana ganin "ƙasa", kwamfuta tana riƙe da "}asa"; a wani tsarin kuma "qasa" da "xaya" da "vata" ne a madadin ƙasa da ɗaya da ɓata. Manhajar karatu abin da ke ƙarƙashi take karantawa, saboda haka ɗalibi makaho da aka ba shi kundin digiri na sashen Hausa zai ji ana kiran sunan alamar baka a tsakiyar kowace jimla. Yau tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan gurbinsa na kansa, babu sauran uzuri ga sabon rubutu. Tsofaffin kundayen da ke jibge a sassan Hausa kuwa suna jiran wanda zai juya su, aiki ne da rukunin ɗalibai zai iya farawa da kundi guda a zangon karatu ɗaya.

Wasu kuma sukan zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, su bar mai karatu ya raba kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Mai ido yakan koma baya ya gyara fahimtarsa cikin ƙiftawa. Mai saurare sai ya tsayar da murya ya sa ta maimaita.

Matsala mafi zurfi ita ce ta karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. "Gari" na iya zama wurin zama ko abin tuwo, "kuka" na iya zama itace ko hawaye, "bara" kuwa na iya zama shekarar da ta wuce ko yaron gida ko roƙo. Duk muryar na'ura da za ta karanta Hausa daidai sai ta iya zaɓe daga muhallin jimla, kuma ba za ta koyi haka ba sai an tara mata dubban jimloli da muryoyin masu harshen, irin aikin da shirin Common Voice na Mozilla yake karɓa har da na Hausa. Injiniya ba zai san cewa an karya karin sauti ba. Ɗalibin da ya yi kwas ɗin tsarin sauti zai sani daga gaɓar farko.

Ga kurame ma akwai abin lura. Sanya rubutu a ƙarƙashin bidiyo sharaɗi ne na matakin farko, amma rubutun da wane harshe? Makarantun kurame na Nijeriya sun ginu ne bisa maganar hannu ta Amurka wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta buga littafi a kanta a 2000. Rukunin da ya rubuta "a sa mai fassara" ya yi shiru bai gama amsa tambayar ba.

Ba sabon abu ba ne ilimin makaho a wannan ƙasa. Makarantar makafi ta Gindiri ta buɗe tun 1953. Kafin ita ma, Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana yaro, ya tsara Imfiraji, waƙar da har yau ake rubuta kundaye a kanta a sassan Hausa. Abin kunya ne a ce ɗalibi makaho na yau ba zai iya karanta waɗannan kundaye ba saboda zubin haruffa.

Ranar Gabatarwa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowane malami ya san cewa hannu ɗaya ya sha ɗaukar jinga, sauran huɗun su sa suna a bangon takarda. Yadda aka saba rabon shi ke jawo haka: wannan ya ɗauki gabatarwa, wancan tarihi, mai kwamfuta ya ɗauki ainihin aikin, na ƙarshe ya biya kuɗin bugawa. Rabon da ya fi dacewa da wannan jinga shi ne kowa ya ɗauki mutum guda ya bi shafin a madadinsa, ɗaya makaho, ɗaya mai raunin gani, ɗaya kurma, ɗaya mai hannu ɗaya, ɗaya kuma wanda Hausa kaɗai yake karantawa. Ta haka ba wanda zai tsaya gaban aji da abin da bai taɓa da hannunsa ba, malami kuma yana iya jefa wa kowa tambaya a kan nasa mutumin. Idan akwai mai lalura a cikin rukunin, kada a mayar da shi abin nuni, kada kuma a ce masa ya huta an yi masa. A ba shi kasonsa cikakke kamar kowa, a tura masa takardu a rubutun da manhajarsa ke karantawa, a kuma tsayar da wurin haɗuwa inda zai iya zuwa. Ga mazauna kudancin kogi wannan yana nufin a yi lissafin cunkoson gada da kuɗin a-daidaita-sahu kafin a ce a haɗu a cikin gari da ƙarfe huɗu.

Abin mamaki shi ne yadda rukunin da ya kwashe mako uku yana sukar shafin wasu kan zo ya aikata laifin nan da kansa. A haska majigi da rubutu ƙanana cunkus, rawaya a kan fari, mai magana ya juya wa aji baya yana karanta allo, wanda ke bin leɓensa don ya fahimta ya rasa abin bi. Sa'an nan ya nuna wani zane ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan." Karin maganar nan ta gani ya kori ji ba ta aiki a wannan zaure. Duk abin da aka haska sai a faɗe shi da baki: zanen mene ne, me ya hau, me ya sauka, da nawa. Tambayar da aka yi daga bayan aji a maimaita ta kafin a amsa. Mai karɓar magana ya faɗi sunansa kafin ya fara. A kuma yi shirin ɗaukewar wuta, domin rukunin da zai iya gabatar da aikinsa ba majigi ya riga ya cika rabin sharaɗin.

Minti goma da akan bayar ba sa ɗaukar tarihin W3C. Abin da zai zauna a zukatan 'yan aji shi ne a haɗa waya da lasifika, a kunna TalkBack, a rufe allon, a nemi ɗaya daga cikinsu ya fito ya cike gurbi uku na fom ɗin da kowa a ajin ya cike a farkon zango. Bayan haka sai rukunin ya kawo kurakurai uku ko huɗu mafiya tsanani, kowanne da lambar ƙa'idar da ya karya, da wanda ya cutar, da yadda za a gyara shi. Yawancinsu gyaran layi ɗaya ne ko biyu: a raɗa wa gurbi suna, a duhunta launin rubutu, a sauya alamar harshe zuwa "ha", a buga jadawalin a matsayin rubutu maimakon hoto.

Saura takardar. Al'ada ita ce malami ya ba da maki, takarda ta shiga kabad. Ya fi kyau malami ya ware wani kaso na makin ga wasiƙa mai shafi ɗaya, cikin ladabi ba tare da zargi ba, wadda rukunin zai kai wa ofishin da ke kula da shafin, a sa mata hatimin karɓa, a ajiye kwafi a sashe. Rukunin shekara mai zuwa sai a ba su wannan kwafin da adireshin shafin, su cire linzami su sake bi daga gurbin farko, su rubuta wanne daga cikin kurakuran aka gyara da wanda yake nan yadda aka bar shi.